Gatsen da Ya Zama Kirari: Donald Horne da Ƙasarsa Mai Sa'a

GABATARWA

Duk ɗalibin da ya ratsa darasin azancin magana ya san gatse, ya kuma san cewa haɗarinsa ɗaya ne, watau idan mai sauraro bai gane ba sai ya ɗauki magana a kan fuskarta. Uwa takan ce wa ɗanta da ya fasa tulu, "Sannu da aiki!" Yaro mai wayo ya san faɗa aka yi masa, dolo kuwa sai ya amsa da "Yauwa." Irin wannan ce ta sami wani marubuci ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Donald Horne. A shekarar 1964 ya fitar da wani littafi ya raɗa masa suna The Lucky Country, watau Ƙasa Mai Sa'a, da niyyar yi wa shugabannin ƙasarsa gatse. Mutanen ƙasar suka yi rububin sayen littafin, sa'an nan suka ɗauke sunan suka mai da shi kirari, har ya zamana 'yan siyasa da masu talla suna yi wa ƙasar take da shi. Horne ya rayu shekara 41 bayan fitar littafin, kuma ya sha nanata cewa ba a fahimce shi ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba ra'ayoyin wannan mutum a kan dukiya da siyasa da aiki da tafiye-tafiye da fasaha, a auna su da abin da ya faru a ƙasarsa daga 1964 zuwa yau. Ra'ayina a taƙaice shi ne, babban aikin da Horne ya yi wa mutanensa shi ne tilasta musu su rarrabe tsakanin abin da suka tsinta da abin da suka ƙera da hannunsu. A nan ya yi daidai. Amma akwai wurare biyu da nake ganin ma'auninsa ya yi tawaye, kuma zan nuna su.

WANE NE DONALD HORNE?

An haifi Horne a Sidini a watan Disamba na 1921, ya tashi a wani ƙaramin gari mai suna Muswellbrook inda mahaifinsa yake koyarwa a makaranta. Ya shiga Jami'ar Sidini, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu aka ɗauke shi soja, bai kuwa koma ya ƙarasa digirinsa ba. Daga nan ya faɗa aikin jarida. Ya yi zaman 'yan shekaru a Ingila, ya dawo gida a 1954. A 1961 ya zama editan wata tsohuwar mujalla mai suna The Bulletin, wadda aka kafa tun 1880. Shekara da shekaru mujallar tana ɗauke da wani take a goshinta mai cewa Ostiraliya ta farar fata ce, Horne na hawa kujera ya sa aka cire shi. A 1973 ya koma koyarwa a Jami'ar New South Wales, inda ya kai matsayin farfesa a fannin kimiyyar siyasa ba tare da digirin farko ba. Ya rasu a watan Satumba na 2005.

Wajibi ne mai karatu ya san cewa Horne bai fara rayuwarsa a matsayin ɗan tawaye ba. Mai ra'ayin riƙau ne, maƙiyin gurguzu, kuma yana cin abinci a gidan jaridar wani hamshaƙin attajiri, Frank Packer. Saboda haka sukar da ya yi wa manyan ƙasarsa suka ce ta ɗan gida, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

DUKIYA: TSINTUWA KO GUMI?

Hujjar Horne a kan dukiya mai sauƙin fahimta ce. A 1964 Ostiraliya tana da mutum wajen miliyan 11, suna zaune a nahiya sukutum, kuma suna cikin mafi wadatar al'ummomin duniya. Shugabanninsu suna ɗaukar wannan wadata a matsayin shaidar iya mulkinsu. Horne ya ce a'a, a duba tarihi a gani.

Tarihin kuwa ya goyi bayansa. A 1851 aka gano zinariya a kusa da Bathurst, sa'an nan a Ballarat da Bendigo, cikin shekara 10 yawan mazauna ƙasar ya tashi daga wajen 430,000 ya haura miliyan ɗaya. Bayan zinariya sai ulu, wanda masaƙun Ingila suke saye, kuma lokacin yaƙin Koriya a 1950 zuwa 1951 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Da ulu ya fara ja da baya sai ga tama. Tun 1938 gwamnati ta hana fitar da tama waje don tana zaton ƙasar ba ta da shi da yawa. A 1960 aka sassauta dokar, sai ga duwatsun tama a yankin Pilbara na yammacin ƙasar, a 1966 kuma jiragen ruwa suka fara jigilarsa zuwa Japan. Da masana'antun Japan suka ƙoshi, sai ƙasar Sin ta taso da yunwar ƙarfe da kwal, har ta zama babbar kasuwar Ostiraliya a 2009. Duk lokacin da wata rijiya ta fara ƙafewa, sai a wayi gari wata ta ɓulɓulo. Daga 1991 zuwa 2020 tattalin arzikin ƙasar bai taɓa shiga karayar da masana suke kira koma-baya ba, abin da ba a saba gani ba a ƙasashe masu arziki.

Hausawa na cewa sa'a ta fi manyan kaya, kuma gaskiya ne. Amma sa'a tana da wata illa da ba a cika faɗa ba, ita ce takan sa mai ita ya daina lissafi. Alal misali, a 2010 firayim minista Kevin Rudd ya nemi ɗora harajin kashi 40 cikin 100 a kan rarar ribar kamfanonin haƙar ma'adinai, domin al'umma ta sami rabo mai tsoka daga abin da ake tonowa a ƙasarta. Kamfanonin suka kashe maƙudan kuɗi wajen tallace-tallacen yaƙar shirin, a watan Yuni na wannan shekara jam'iyyarsa ta tuɓe shi. Harajin da ya maye gurbin nasa ya fara aiki a 2012 bayan an zare masa haƙora, a 2014 kuma aka soke shi ɗungurungum. Sai mai karatu ya kwatanta wannan da ƙasar Norwe, wadda ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, ta fara zuba masa kuɗi a 1996, kuma tun 2017 abin da ke cikinsa ya haura dala tiriliyan ɗaya. Ƙasashen biyu duk tsintuwa suka yi. Ɗaya ta ɗauki tsintuwar a matsayin amanar jikoki, ɗayar kuwa ta bar mafi yawanta ya bi ta hanyar rage haraji da kashe-kashen yau da kullum. A shekarar 2020, da dangantaka ta yi tsami, Sin ta toshe ƙofa ga sha'ir da giya da kwal na Ostiraliya na wasu shekaru, mutanen ƙasar suka ga abin da ke tattare da dogaro ga mai saye guda. Wannan shi ne ainihin abin da Horne yake jin tsoro tun 1964.

SIYASA: ƊAN DA YA ƘI BARIN GIDAN UBA

Lokacin da littafin ya fito, Robert Menzies yana kan kujerar firayim minista tun 1949, bai kuwa sauka ba sai 1966. Mutum ne mai tsananin ƙaunar gidan sarautar Ingila, har da za a canja kuɗin ƙasar daga fam da sule ya so a sa wa sabon kuɗin suna mai ma'anar "na sarauta". Jama'a suka yi masa caa, dole aka haƙura aka kira shi dala, wadda ta fara aiki ranar 14 ga Fabrairu, 1966. A wurin Horne, Menzies shi ne hoton matsalar: shugaba mai fasahar magana wanda idonsa ke Landan, alhali ƙasarsa tana maƙwabtaka da Indonesiya. Horne ya nemi a yi abu uku, a daina dokar hana baƙaƙe da mutanen Asiya shiga ƙasar, a san maƙwabta, a kuma yanke igiyar sarautar Ingila a zama jamhuriya.

Na farko ya tabbata a idonsa. Dokar wariyar shige da fice ta samo asali tun 1901, shekarar da yankuna 6 suka haɗu suka zama tarayya. Dabarar da aka yi amfani da ita abin dariya ce da takaici: jami'i yakan yi wa baƙon da ba a so shifta ta kalma 50 cikin duk harshen Turai da ya ga dama, in ya faɗi a mai da shi inda ya fito. An soke shiftar a 1958, aka sassauta dokar a 1966, gwamnatin Gough Whitlam ta binne ta a 1973. A yau kusan kashi 30 cikin 100 na mazauna ƙasar a waje aka haife su, kuma Indiya da Sin suna sahun gaba cikin ƙasashen da suka fito.

Batun jamhuriya kuwa har yanzu yana nan inda ya bar shi. Mai karatu zai tuna cewa Nijeriya ma ta yi gwamna-janar mai wakiltar Sarauniyar Ingila, Dokta Nnamdi Azikiwe, daga 1960, amma ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoba, 1963, shekara guda kafin littafin Horne. Ostiraliya ta riƙe nata gwamna-janar, mutane da yawa suna ɗaukarsa ado kawai, sai ranar 11 ga Nuwamba, 1975. Majalisar dattawa, wadda 'yan hamayya suke da rinjaye a cikinta, ta ƙi sakin kuɗin gudanar da gwamnati. Gwamna-janar John Kerr, wanda Whitlam da kansa ya zaɓo, ya kori Whitlam daga mulki ya naɗa madugun 'yan hamayya Malcolm Fraser riƙon ƙwarya. Horne ya fusata ƙwarai, ya zauna ya rubuta wani ɗan littafi, Death of the Lucky Country, wanda ya fito a 1976, inda ya nuna cewa tsarin mulkin da aka gada yana ɗauke da ikon da ba wanda ya zaɓa, kuma sa'a ce kawai ta sa ba a taɓa zare shi ba sai ran nan. Daga lokacin ya duƙufa ga neman gyaran tsarin mulki, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar neman jamhuriya a 1991.

A ranar 6 ga Nuwamba, 1999 aka yi ƙuri'ar raba gardama, wajen kashi 55 cikin 100 suka ce a'a, ba jiha ko ɗaya da ta amince. Abin da ya kayar da shirin shi ne rabuwar kan masu son jamhuriyar, wasu na son majalisa ta zaɓi shugaban ƙasa, wasu na son jama'a su zaɓa da kansu, na biyun suka gwammace su haɗa kai da masu son sarauta. Gyaran tsarin mulkin ƙasar yana bukatar rinjayen ƙasa baki ɗaya da kuma rinjaye a jiha 4 cikin 6, shi ya sa cikin shawarwari 45 da aka gabatar tun 1901, guda 8 kawai suka wuce. Har yau Sarki Charles na Uku shi ne sarkin Ostiraliya. Ni a ganina Horne ya yi gaskiya a kan ƙa'ida, domin bai kamata a ce ɗan ƙasa ba zai iya zama shugaban ƙasarsa ba. Sai dai bai auna nauyin wata tambaya da talaka yake yi ba, watau me zai canja a tukunyata? Mutumin da cikinsa ya cika ba ya saurin yarda a taɓa masa ginshiƙin ɗaki, ko da kuwa ginshiƙin na aro ne.

AIKI: LAIFIN WANE NE?

A nan ne mutane da yawa suke yi wa Horne gurguwar fahimta. Suna zaton ya zargi talakawan ƙasarsa da lalaci. Alhali kuwa su ya kare. 'Yan bokon zamaninsa sun saba raina mutumin unguwannin bayan gari, mai ɗan gidansa da ɗan lambunsa da motarsa, wanda burinsa ranar Asabar ta zo ya tafi bakin teku ko kallon wasa. Horne ya ga cewa wannan mutum ya cimma wani abu da yawancin bil'adama ba su taɓa samu ba, watau rufin asiri da hutu da kuma 'yancin kallon kowa ido da ido ba tare da durƙuso ba. Waɗanda ya ɗora wa laifi su ne manajoji da masu masana'antu da manyan ma'aikatan gwamnati, waɗanda aikinsu ne su yi tunani, amma suka wadatu da kwaikwayo.

Yadda abin yake aiki shi ne, gwamnati takan ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan kayan waje, mai masana'anta ya sayo zane da injin daga Ingila ko Amurka, ya harhaɗa kaya ya sayar da tsada a kasuwar da ba mai yi masa gasa. Ribar ulu da ma'adinai ita ke biyan wannan tsadar. Ba shi da dalilin ƙirƙirar kome, tun da katanga ta kare shi. Whitlam ya zaftare kashi 25 cikin 100 na kuɗin fito a 1973, gwamnatin Bob Hawke da Paul Keating ta ci gaba da rushe katangar a 1988 da 1991. Da katanga ta faɗi sai aka ga abin da ke bayanta. Motar Holden, wadda aka fara ƙerawa a 1948 take kuma abin alfaharin ƙasa, mallakar kamfanin Amurka ce tun asali. Ford ya rufe masana'antarsa a 2016, Toyota da Holden suka bi sahu a watan Oktoba na 2017, aka daina ƙera motocin hawa a ƙasar. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

TAFIYE-TAFIYE: INA AKA DOSA?

A zamanin ƙuruciyar Horne, duk matashi mai ji da kansa burinsa ya hau jirgin ruwa ya yi makonni a teku ya sauka a Ingila, wadda wasu da ba su taɓa ganinta ba suke kira "gida". A 1947 kamfanin Qantas ya fara jigilar fasinja ta sama daga Sidini zuwa Landan, tafiyar wajen kwana 4 da yada zango a hanya. Marubuta da masana irin su Clive James da Germaine Greer da Robert Hughes duk sun bar ƙasar a farkon shekarun 1960, kuma a waje suka yi suna. Horne ma ya je, amma ya dawo, kuma abin da ya dawo da shi shi ne tambaya: don me mutum zai tsallake Jakarta da Singafo ya je ya nemo kansa a Landan? Garin Darwin na arewacin ƙasar ya fi kusa da Jakarta a kan Kanbera, babban birnin ƙasar. Da Birtaniya ta shiga kasuwar tarayyar Turai a 1973 ta juya wa man shanu da 'ya'yan itacen Ostiraliya baya, sai maganarsa ta fito fili.

Daga baya ya mai da hankali ga yawon buɗe ido shi kansa. A littafinsa The Great Museum na 1984 ya ɗauki Turai a matsayin wani ƙaton gidan tarihi, masu yawon buɗe ido kuma a matsayin masu ziyarar zamani, suna bin gumaka da fadoji suna ɗaukar hoto. Abin da ya jawo hankali gare shi shi ne, kowane gunki da aka kafa a dandali yana ba da labarin wanda ya yi nasara, yana kuma ɓoye labarin wanda aka danne. A 1992 ya sake fitar da The Intelligent Tourist a kan wannan batu. Muna cewa tafiya mabuɗin ilimi, Horne kuwa zai ƙara da cewa sai ga wanda ya tafi da tambaya a bakinsa. Tun 2018 ana tashi daga Perth a sauka Landan cikin awa 17 ba tsayawa, amma gajartar hanya ba ta ƙara wa matafiyi basira. Wanda ya je don ya tabbatar da abin da ya riga ya ji, da abin da ya tafi da shi zai dawo.

FASAHA: A HAIFA A GIDA, A RAINA A WAJE

A fagen fasaha ne maganar Horne ta fi tsayawa da ƙafafunta. Ƙasar ba ta taɓa rasa masu basira ba. Howard Florey, wanda ya jagoranci mai da fenisilin maganin da ake ba majiyyata ya kuma sami kyautar Nobel a 1945, ɗan Adelaide ne, amma a Oksfod ya yi aikin. A 1949 masana a Sidini suka harhaɗa kwamfuta mai suna CSIRAC, tana cikin na farko-farko a duniya, amma cikin 'yan shekaru hukumar binciken kimiyya ta ƙasar ta janye daga ƙera kwamfuta. A shekarun 1950 David Warren ya ƙirƙiro na'urar naɗar magana da bayanan jirgin sama, wadda ake nema duk lokacin da jirgi ya faɗi. Hukumomin ƙasarsa suka yi ko oho da ita, sai da wani Bature daga Ingila ya gan ta a 1958 aka gayyace shi can. Misali mafi kusa shi ne na farantan samar da lantarki daga hasken rana. A Jami'ar New South Wales, inda Horne ya koyar, Martin Green da ɗalibansa suka ƙago fasahar da ta zo ta mamaye kasuwar duniya. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Shi Zhengrong, ya koma Sin ya kafa kamfanin Suntech a 2001. Yau rufin gidajen Ostiraliya cike yake da farantan, kusan dukkansu kuma daga Sin aka sayo su.

Ba a ce ba a taɓa cin nasara ba. Na'urar da Graeme Clark ya fara dasawa a kunnen kurma a 1978 ta haifar da kamfanin da ya tsaya a gida yake sayar wa duniya, takardar kuɗi ta roba da aka fara bugawa a 1988 ta bazu ƙasashe da dama, hukumar binciken kimiyya kuma ta ci riba mai yawa daga haƙƙin mallakar wata fasaha da Wi-Fi ya dogara da ita. Amma waɗannan tsiraru ne. Dalilin kuwa a fili yake: mai jari yana bin inda riba ta fi sauƙi, kuma muddin tona rami a Pilbara ya fi gina masana'anta saurin kawo kuɗi, can jari zai tafi. A yaƙin neman zaɓe na 1990 Bob Hawke ya ce lokaci ya yi da ƙasar za ta tashi daga mai sa'a ta koma mai basira. Duk da haka, kason da ƙasar take kashewa a kan bincike ya haura kashi 2 cikin 100 na abin da take samarwa a 2008, daga baya ya sake faɗowa ƙasa da haka.

INDA MA'AUNINSA YA YI TAWAYE

Wuri na farko shi ne, Horne ya ba sa'a fiye da rabonta. Ƙasashe nawa ne suke da zinariya da tama da mai, amma talakawansu ba su ga kome ba sai ƙura? A farkon ƙarni na 20 Ajantina tana sahun ƙasashe masu arziki tare da Ostiraliya, ita ma da filaye da shanu da alkama, amma juyin mulki daga 1930 da rikicin kuɗi suka mai da ita baya. Abin da ya bambanta Ostiraliya shi ne wasu tsare-tsare da mutanenta suka gina da kansu. A 1856 suka fara jefa ƙuri'a a asirce, kafin Ingila da Amurka. A wannan shekara magina a Malbon suka ajiye aiki suka ƙwaci aikin awa 8 a rana. A 1902 mata suka sami 'yancin zaɓe a tarayya. A 1907 alƙali H. B. Higgins ya yanke cewa mafi ƙarancin ladan lebura sule 7 ne a rana, gwargwadon abin da zai riƙe mutum da matarsa da 'ya'ya 3. A 1924 aka wajabta jefa ƙuri'a, shi ya sa ɗan siyasa ba ya iya yin watsi da talaka da tunanin ba zai fito ba. A 1992 aka wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba wani kaso a asusun fanshon kowane ma'aikaci, kason da ya kai 12 cikin 100 a 2025. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka tono a rami. Ruwan sama sa'a ne, amma gina randa da toshe ɓularta aikin hankali ne. Horne ya san waɗannan abubuwa, sai dai zafin sukar shugabannin zamaninsa ya sa bai ba su nauyin da ya dace ba.

Wuri na biyu ya fi nauyi. Kalmar sa'a tana sa a ɗauka cewa dukiyar ba ta da mai ita, alhali tana da shi. Kafin jiragen ruwa 11 su sauke fursunonin Ingila a 1788, 'yan asalin ƙasar, watau Aborijin, sun yi aƙalla shekara 50,000 a wurin. Filayen da tumaki suka yi kiwo nasu ne, an kuma karɓe su ba ciniki ba yarjejeniya, bisa da'awar cewa ƙasar ba ta kowa ba ce. Littafin 1964 ya taɓo batunsu, amma a gefe. Shekara 2 bayan fitarsa, Vincent Lingiari ya jagoranci makiyaya 'yan ƙabilar Gurindji suka ajiye aiki a gandun shanu na Wave Hill, da farko a kan lada, daga baya a kan ƙasar kakanninsu, sai a 1975 Whitlam ya zuba masa ƙasa a tafin hannu alamar mayar da wani yanki. Sai a 1967 aka gyara tsarin mulki don a riƙa lissafa su cikin yawan jama'ar ƙasa, sai a 1992 babbar kotu ta rushe da'awar ƙasa marar mai ita a shari'ar Mabo, sai a 2008 gwamnati ta nemi gafara a kan 'ya'yansu da aka riƙa ƙwacewa. A watan Oktoba na 2023 kuma wajen kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa a kafa musu majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki. Abin da wani ya kira tsintuwa, a wurin wani asara ce, kuma duk lissafin sa'ar Ostiraliya da bai fara daga nan ba lissafi ne mai giɓi.

KAMMALAWA

Duk da waɗannan, ina ganin Horne ya cancanci a karanta shi, kuma dalilin ya wuce ko hasashensa ya tabbata ko bai tabbata ba. Ya yi magana a lokacin da kowa yake cikin jin daɗi, lokacin da suka ba ta da kasuwa. Ya soki manya ba tare da ya raina talaka ba. Ya kuma bar wa ƙasarsa tambayar da za ta iya yi wa kanta a kowane zamani: cikin abin da muke ci, nawa ne muka shuka, nawa ne muka tarar, kuma na wane ne kafin mu tarar? Sin ba za ta ci gaba da gina birane har abada ba, duniya kuma tana neman rage ƙona kwal. Mai yiwuwa ne wata rijiyar ta sake ɓulɓulowa, domin tuni ƙasar ta zama kan gaba wajen haƙo lithium da ake yin batir da shi, mafi yawansa kuma ana loda shi a jirgi a kai Sin a tace. In haka ta faru, za a sake jin masu talla suna yi wa ƙasar kirari da Ƙasa Mai Sa'a, ɗalibin da ya san gatse kuwa zai gane abin da mai maganar ya nufa tun 1964.